Kunnen Rafayel Mai Baka

Ni majemi ne, sunana Abdurrahman. Shekara goma sha huɗu na yi ina tara wa Rafayel guntayen fatar shanu a bayan rumfata a Garwa, da su yake dafa danƙon haɗa baka. Ba dangina ba ne, addininmu ma ba ɗaya ba. Kirista ne daga duwatsun Poli, ya sauko gari jim kaɗan bayan samun 'yancin kai, shi da matarsa Albertine da gizago guda. Hausarsa ta kasuwa ce, in ta ƙare masa ya cike da Fillanci, in ransa ya ɓaci kuma ya wanke ka da Faransanci. Na so mutumin nan, kuma har yau ina jin haushinsa. Amma haushin kaina ya fi yawa.

Bakan Rafayel ba irin na kowa ba ne. Sauran masu yi sukan saro dargaza, su sassaƙe, su ɗaura tsirkiya, shi ke nan. Shi kuwa sai ya tsaga gora, ya manna tsagi ɗaya siriri a bayan itacen, tun daga kai har gindi. Ya ce haka ubansa yake yi. Gorar ce ke riƙe bayan bakan in an ja, ba ta barin itacen ya buɗe. Maharba suna yi masa tsiya wai yana ɗinka wa sanda riga, amma su ne dai ke tahowa daga Touboro da Mora su tare a ƙofarsa. Ba shi da gona, ba shi da ɗa. Abin da ya mallaka a duniya shi ne maganar da ake yi a kansa, cewa bakansa bai taɓa karyewa a hannun mutum ba.

Aikin duka a kunne yake. Gora takan yi kyau a ido, alhali ƙwaro ya cinye ta ta ciki, a ƙarƙashin gaɓa, wurin da ba a kankarewa. Don haka Rafayel yakan kara kunnensa a jikin gorar, ya bi ta gaɓa-gaɓa yana ƙwanƙwasawa da bayan wuƙa. Lafiyayya tana amsawa ras. Mai ƙwaro kuwa amonta a dushe yake, kamar an buga fasasshen tulu. Na sha raka shi bakin kogin Binuwai inda ake sauke gorar rufin ɗaki, ya wuni yana ƙwanƙwasa, ya zaɓi ɗaya cikin hamsin, masu kayan suna tsaki. A haka ni ma kunnena ya ɗan koya ba tare da na nema ba.

Wata damina zazzaɓi ya kwantar da shi. Aka ɗura masa kinin har ya miƙe, amma ya miƙe da ƙugi a kunne. Aka fara ganin alama. A yi barkwanci, sai kowa ya gama dariya sannan ya fara tasa. Albertine ta koma kiransa da ihu daga madafa. Da na tuntuɓe shi sai ya ce, "Malam Abdu, ruwa ne ya shiga, zai fita." Ruwan nan ya shekara biyu bai fita ba. Matarsa ta sani, ni na sani, shi ma ya sani, duk muka yi gum. Wai muna rufa masa asiri.

Ga shi kuma lokacin ya juya masa baya. A zamanin Ahidjo ne, an killace daji, masu gadin namun daji na yawo, kowa sai a ce ina permi, takardar izinin farauta. Masu hali sun koma bindiga. Tun da ya yi ciwon, baka uku kawai ya sayar. Wasu Turawa sun zo suna neman na ratayewa a bango, ya kore su, ya ce shi ba ya sassaƙa kayan wasa. Taurin kai ne da shi kamar jakin da ya ga gada.

Ana nan sai ga Iliyasu, wani maharbi daga wajen Touboro. Gadu ya addabi gonakin ƙauyensu, shi ne mutanen suka ɗora wa tsaron amfanin gona. Tsohon bakansa, wanda Rafayel ya yi masa shekara tara da suka wuce, wuta ta cinye tare da bukkarsa. Ya zauna a kan turmi ya ce, "Baba Rafayel, kwana biyu na yi a mota. An ce in saya a can, na ce a'a. Gadu ba ya ba mutum damar harbi biyu."

Washegari muka tafi bakin kogi, ni da Rafayel. Ya jawo wata gora rawaya, ta bushe sarai, gaɓoɓinta masu nisa da juna, irin wadda yake so. Ya kara kunne ya fara bugawa. Gaɓa ta ɗaya ras, ta biyu ras, ta uku ras. Ta huɗu ta yi amo a dushe, irin na fasasshen tulu. Na dube shi. Fuskarsa ba ta canza ba, ya wuce ta biyar yana gyaɗa kai.

Ya ɗago ya ce, "Ka ji, soobajo? Irin wannan sai Poli."

Aboki ya kira ni da Fillanci, a gaban masu gora, yana murmushi, idonsa kuwa yana roƙona. Na ce a raina, wa ya sani, ƙila kunnena ne, ni da nake majemi. Na buɗe baki na ce, "Na ji." Da ma harshena ya karye a wurin.

Aikin da ya yi wa bakan nan ban taɓa ganin irinsa ba. Ya tsaga gorar, ya bar ɓawon a waje, ya kankare cikin har ya kwanta lif, gaɓoɓin ne kawai ya bari da kaurinsu. Ya kakkarce fuskar itacen da ta gorar da bakin wuƙa don danƙo ya sami wurin kamawa. Fatar da na kawo ta wuni a kan wuta, ba ya bari ta tafasa, yana lakato ta tsakanin yatsu biyu yana ja har ta yi zare. Albertine na ta mita a kan warin. Ya gasa itacen da gorar sama-sama, ya shafa danƙon da zafinsa, ya haɗa su da sauri, ya naɗe da igiyar rama tam-tam, ya soka 'yan tsinkaye a ƙarƙashin igiyar don ta ƙara matsewa. Ya rataye shi a inuwa kwana arba'in. Kowace rana cikin arba'in ɗin nan na yi niyyar magana, kowace rana na ce gobe.

Iliyasu ya dawo, ya ja bakan sau uku a tsakar gida, ya yi kyau. Ya ce useko, godiyar Fillanci, ya tafi yana washe baki.

Wata biyar bayan haka wani yayansa ya shigo da bakan a naɗe cikin buhu, gida biyu. Ya ce gadu ya fito wa Iliyasu a gonar dawa, ya ja har kunne, bakan ya tarwatse. Tsagin gorar ya tsokale masa idon dama, gadun kuma ya farke masa cinya da haure. Yana lopital, wato asibiti, zai rayu, amma ido ya tafi, ƙafar ma ba lallai ta koma daidai ba. Mutumin bai zagi kowa ba. Ya ajiye buhun ya ce, "Cewa ya yi a kawo maka ka gani."

Sai da Albertine ta maimaita wa Rafayel labarin da ƙarfi a kunne sannan ya gane. Ya ɗauki guntun ya juya, ya buga shi a tafin hannu. Gari ya zubo daga gaɓar, fari, mai laushi. Ya daɗe yana kallonsa. Ni kuwa na kasa tsayawa, na koma rumfata na zauna ina kuka kamar mace mai takaba. Ban taɓa gaya masa na ji ba. Ina zaton ya sani, don daga ranar bai sake kallona cikin ido ba.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne bakan nan uku da ya sayar bayan ciwon. Suna can hannun mutane, ana shiga daji da su. Ya ce sai ya karɓo su. Albertine ta ce, "Martaba ta riga ta zube, ka bar sauran mana!" Bai ji ba, ko kuma ya yi kamar bai ji ba. Ya yi sati uku yana yawo, wani wuri a mota, wani wuri a ƙafa. A kowane ƙauye sai ya tsaya a gaban maharbi da iyalinsa ya faɗa da bakinsa cewa shi kurma ne, kada a ƙara amincewa da aikinsa. Ɗaya ma ya hana, ya ce bakansa lafiya lau, shekara biyu yana ci da shi. Rafayel ya kwana biyu a ƙofar gidansa har ya gaji ya miƙo.

Ranar da ya dawo ya aika a kira ni, ƙafafunsa sun kumbura. Ya ce yana son shaida. Ya ɗora na farko a kan dutse ya sa gizago, ya bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya yana fasawa. Babu ƙwaro. Ya fasa na biyu, tas. Ya fasa na uku, wanda mai shi ya yi ta roƙo a bar masa. Shi ma garau, danƙon ya kama har itacen ke yagewa bai saki ba.

Albertine ta ce, "To, ka gani, masu kyau ne."

Ya zauna a ƙasa cikin tarkacen. Ya ce, "Masu kyau ne. Na raba mutum uku da abincinsu a banza, na huɗu kuma na cire masa ido. Malam Abdu, yanzu ba ni da hanyar sanin mai kyau sai na fasa shi."



Bai ƙara haɗa baka ba. Ya sami gadin wani sito a kusa da tashar jirgin ruwa, har aka gane ba ya jin motsi aka sallame shi. Ya shekara uku yana zaune a ƙofar gida. Da ya mutu, cocinsu ya cika da mata da tsofaffi, ni ina tsaye daga waje ina duba hanya. Ko maharbi ɗaya bai zo ba.