Ƙusar Bindigar Kaka

Duk sanda aka ƙyasta ashana kusa da ni, warin nan kan mayar da ni zauren gidanmu a Garwa, inda kakanmu yake ɗura albarushi a tsohuwar bindigarsa ƙirar maƙera.

Fataucin shanu yake yi. Da kaka ta yi, ciyawa ta fara bushewa, sai ya nufi wajen Poli ya sayo shanu, ya koro su da ƙafa har kasuwar Garwa. Yana da wata al'ada: kowace safiya kafin garke ya tashi, sai ya ɗaga bindigar sama ya saki harbi ɗaya. Ban taɓa jin ya harbi ko zomo da ita ba. Kakarmu kan tsokane shi, wai bindigar ta fi mai ita surutu. Shi kuwa cewa yake gaisuwa ce yake aika wa daji.

To, sai zamanin zargina ya zo, masu tare hanya da manyan bindigogi. Hukuma ta ce duk mai bindiga ba takarda ya kai ta. Baffana, ƙanin mahaifina, shi ne ɗan bokon gidan, kuma shi ya tsaya kai da fata sai Kaka ya kai tasa. Ba sharri yake nufi ba. A unguwarmu an yi wani yaro da ya ɗauki bindigar ubansa yana wasa, ta tashi, ƙanwarsa ta rasu. Baffa ne ya ɗauki gawar.

"Baba, a rage bindiga a gari, a rage mutuwa. La loi ce, doka ce a kan kowa."

"Kai ɗan nan, mai gida ne zai kai tasa. Ta mutanen daji fa, wa zai je ya karɓo?"

Sun yi ta ja har damina ta wuce. Ƙarshe Kaka ya naɗe ta cikin farin ƙyalle, ya kai wa jandarma da hannunsa. Ƙusar da ake rataye ta ya bari a bango.

Tafiyar da ta biyo baya, garke ya tashi shiru. Mutanen ƙauyukan hanya sun saba jin harbin nan, da ba su ji ba kuwa sai magana ta yaɗu, har ta kai kunnen da bai kamata ba. Da rana tsaka aka tare su Kaka, aka kora shanun kaf. Kaka ya dawo da ƙafa, ko takalmi babu. Bai sake fatauci ba.

Mahaifina ya ce da bindigar tana hannunsa, da gawarsa za a kawo mana. Wataƙila haka ne. Na girma ina jin wannan gardama a rediyo da majalisa, har yau ban san wanda ya fi gaskiya ba, kuma abin yana damuna. Abin da na sani, Kaka bai taɓa ɗora wa Baffa laifi ba, ko sau ɗaya. Da ma ya yi masa faɗan, da Baffa ya samu sauƙi a ransa.

Yanzu an shafe zauren da siminti, an yi fenti, amma ba wanda ya cire ƙusar. Baffa ya tsufa, yana zuwa kowace Juma'a mu gaisa. Duk inda na shimfiɗa masa tabarma, sai ya ja ta ya zauna ya ba wa bangon nan baya.