Rediyonki Yana Hannun Baba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin Lahadi, tara ga watan Maris, aka kira ni aka ce kin rasu bayan gajeriyar jinya. Likitar Hira, haka tsofaffi ke kiranki, ke da kike duba masu ciwon damuwa a ɗan ɗakin nan na ƙarshen barandar asibiti, mai fanka ɗaya da kujerun roba.

Bayan rasuwar Inna, Baba ya daina magana. Mu 'ya'yansa muka ce tsufa ne, muka rufe masa shagonsa na gyaran rediyo don ya huta. Sai da ya fara ƙin abinci muka kawo miki shi. Ba ki tambaye shi abin da ke damunsa ba. Wani mataccen rediyo kika ajiye gabansa, kika ce ya gagari masu gyara. Ya buɗe shi, ya ja tsaki, ya ce wane sakarai ne ya jagwalgwala wannan? Maganarsa ta farko ke nan cikin watanni. Kika dube ni kina dariya, kika ce mun kusa kashe shi da hutu.

Haka kike yi da kowa. Wata tsohuwar tela ma yagaggiyar riga kike miƙa mata. Kowace Talata Baba yakan zo ɗakinki, yana gyaran rediyo yana ba ki labarin Inna, irin wanda bai taɓa ba mu ba.

Yanzu an kulle ɗakin. Na tambaya, aka ce babu mai maye gurbinki, sai dai a rubuta wa Baba magani. Na sayo tsohon rediyo, na tsinke wayarsa na kai masa, ya ture shi ko dubawa bai yi ba. Wallahi tsoro nake ji. Ina kallonsa yana komawa inda kika ɗauko shi, ni kuwa ban san hanyar wurin ba.

Ya riga ya gyara rediyonki na ƙarshe, wanda kika ba shi ya zo da shi gida, kafin labarin rasuwarki ya zo. Talatar da ta wuce ya sa hula, ya rungume shi, ya zauna bakin ƙofa.

"Wa zan kai wa?" ya ce.

Bai sake magana ba har yau.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ina yi wa maigidanki da 'ya'yanki ta'aziyya, Allah ya ba su haƙuri. Tsofaffin da kika bari kuwa, Allah ya dube su da idon rahama.