Ƙafafun Autarmu

Autarmu tana shekara biyu muka baro Tsafe, lokacin da 'yan bindiga suka hana unguwarmu barci. Baba ya kama mana ɗaki a Gusau, a gidan haya mai tsakar gida kamar faɗin tabarma, ya ci gaba da lodin hatsi a tasha.

Inna ta taho da ɗabi'a ɗaya: ba ta sauke yarinyar daga bayanta. A Tsafe da dalili, domin in aka ce a gudu, wadda ke goye ba a tsayawa nemanta. A Gusau ba wanda ya ce a gudu, amma goyon bai ƙare ba. Da ita ake tuƙin tuwo, da ita ake wanki, har ƙafafunta suka riƙa reto kusa da gwiwar Inna. In an sauke ta, kan katifa ne, a miƙa mata waya ta yi kallo.

Abin bai dame ni ba, don ni ma ba mai fita ba ce. Daga sakandare sai gida, daga gida sai littafi. Na ma ji daɗin samun ɗaliba mai zama wuri guda. Na koya mata haruffa da ƙirga, har ta iya karanta rubutun jikin gwangwanin madara. Ranar da za a kai ta firamare ni na goge mata riga, na fere fensir, ina da tabbacin aji ɗaya za a sa ta kai tsaye.

Malamar da ke karɓar sababbin yara dattijuwa ce mai gilashi. Ta saurari karatun, ta gyaɗa kai, sannan ta ce a zana mata da'ira. Autarmu ta damƙe fensirin kamar muciya, ta danna har bakinsa ya karye. Malama ta tashi ta ja layi da alli a kan siminti.

"Zo, 'yar Inna, bi layin nan ki iske ni."

Ba ta yi nisa ba ta karkace, ta dafe bango. Aka ce ta ɗaga ƙafa ɗaya ta tsaya, sai ta zauna daɓas. Aka jefa mata ƙwallon tsumma, ya bugi ƙirjinta ya faɗi kafin hannuwanta su haɗu.

Kullum muna tare da yarinyar nan, na san haruffan da take rikitawa, amma sai a wurin na lura ban taɓa ganin ta yi gudu ba. Ko sau ɗaya.

"Hajiya, ta yi wani ciwo tana ƙarama?" in ji Malama.

"Ko zazzaɓi ba ta cika yi ba."

"Da ƙafarta ta zo nan?"

Inna ta sunkuyar da kai, ta naɗe zanen da ke hannunta.

Malama ta ce kan yarinyar lafiya lau. Sai dai yatsu ba sa sarrafa fensir sai hannu da kafaɗa sun yi ƙwari, kuma wasa ke kawo wannan. Wanda jikinsa bai tsayu ba, zaman benci kansa aiki ne a gare shi, ba ya jin abin da ake koyarwa. Ta ce mu dawo bayan hutu. In ba canji, sai ajin ƙananan yara, sannan mu nemi likita.

Muka gaya wa Baba. Da hutu ya zo ya sa mu a mota zuwa Bungudu, gidan yayarsa, inda jikoki suka cika tsakar gida. Goggo na ganin Inna ta shigo da goyo ta riƙe haɓa.

"Wagga ɗiya ce ko buhun gero? Sauke ta, ke kuma. Ƙasa ba ta cizo."

Inna ta koma Gusau da jajayen idanu, ni aka bari da autarmu. Na zauna gindin dalbejiya da littafi a buɗe, ban karanta komai ba. Ina kallon yaron da bai kai autarmu ba yana hawa turmi yana dirowa, ita kuwa tana tsaye a gefe, hannu a baki. Da 'yan matan suka ja ta wasan 'yar gala-gala, tsallen farko ta kife. Suka bushe da dariya.

"Hajiyar Gusau, sai an kawo miki mota?"

Na ga jini a gwiwarta, na zabura. Goggo ko ɗagowa ba ta yi ba daga tankaɗen da take yi.

"Malama, zauna. Littafinki ya fi ta buƙatarki."

Haka aka yi ta yi. Goggo ta sa ta kai wa awaki ruwa a kwano, rabi ya zube a hanya. Ta zaunar da ita ɓarar gyaɗa har yatsunta suka yi ja. Da yamma barci ke kwashe ta tun ba a gama cin tuwo ba. Ni kuwa kowace faɗuwa sai in yi tunanin ko likitan ne dai gaskiya. Wata la'asar na ɗago na gan ta durƙushe da gawayi, tana zana wa sauran gidajen gala-gala a ƙasa. Layukan sun karkace, amma kowanne ya haɗu da ɗan'uwansa a kusurwa. Na daɗe ina kallonsu.

Da aka koma makaranta muka je mu uku, ita a tsakiya, tana shurin duwatsun hanya. Ta bi layin alli har ƙarshe. Ta tsaya da ƙafa ɗaya tana layi, amma ta tsaya. Ƙwallon ya kuɓuce mata. Da'irar ta fito kamar ƙwan zabo, amma bakin zanen a rufe.

Malama ta duba takardar, ta dubi tabon da ke gwiwar yarinyar.

"Aji ɗaya. Benci na gaba, inda zan riƙa ganin hannunta."

Autarmu ta zare hannunta daga nawa ta ruga zuwa ajin. A bakin matakala ta yi tuntuɓe ta faɗi. Inna ta kama hannuna ta matse. Yarinyar ta tashi, ta kakkaɓe rigarta, ta shige.