Fitilar Mai Ta Kama

Shekara arba'in Kawu, ƙanen mahaifiyata, ya yi yana gyaran mota a ƙarƙashin rumfar kwano ɗaya. A gareji Mai Kunne ake ce masa. Idan ka kawo mota ba ya tambayarka abin da ke damunta, wai masu mota sun cika ƙarin gishiri. Sai ya ce ka tayar, ya dafa bakin dogon sukundireba a jikin inji, ya kara kunne a ƙotar, ya lumshe ido. Kafin ka gama gyara tsayuwa ya faɗa maka ciwon. Bai yi boko ba, bai tara abin duniya ba. Da kunnen nan ya aurar da 'ya'ya bakwai, da shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana.

A 'yan shekarun nan muka lura sai an ɗaga murya yake amsawa. Ba wanda ya furta. Shi ma ya sani, kuma abin yana ba shi tsoro. Ya taɓa ce wa mahaifiyata ranar da kunnensa ya kashe motar wani, ranar zai ajiye sifana.

Ina da tsohuwar jif da ta ci kilomita dubu ɗari huɗu da ɗoriya. Tun da na saye ta Kawu ya ja mini kunne: idan jar fitilar nan mai kama da buta ta kama, in kashe inji nan take. Ya ce ko baƙin mai yana cike, tsohon famfo yakan kasa tura shi, inji ya riƙa cin kansa a bushe.

Wata Asabar da hantsi muna dawowa daga duba yayar matata, sai fitilar ta fara ƙyaftawa a cunkoso. In na taka totur ta mutu, in na saki ta dawo. Can ta kama ta zauna. Na tsaya, na zaro sandar auna mai, na ga yana nan daidai. Rana ta buɗe, ni ko ba na son tsayuwar titi da jiran motar ja. Na kira Kawu.

"Kawu, fitilar mai ta kama."

"Kana nesa da gida?"

"Ba nisa sosai."

"Haba, za ta kai ka. Ka tsaya a gidan mai na farko ka sha."

Da na ji gidan mai na gane fetur yake nufi. Mai dai mai ne a bakinmu, na tanki da na inji, sai ka ce baƙi kafin a bambanta. Kalma ɗaya ce ta rage in ƙara, ban ƙara ba, don na samu amsar da nake so. Ba mu yi tafiyar minti goma ba inji ya fara ƙwanƙwasa kamar ana sara itace, sannan ya yi shiru.

A gareji Kawu ya kwance kwanon mai. Rariyar famfo ta toshe da dauɗa baƙa ƙirin kamar kwalta, ƙarafan ciki sun cinye juna. Mai walda da mai faci, maƙwabtansa, suka matso kallo.

"Da ka tsaya, da na zo na ɗaura geji na ga ƙarfin man," in ji Kawu. "Wanke rariya ne kawai, aikin rabin yini. Ɗan nan, wane ganganci ya sa ka tuƙa ta da jar fitila?"

Mai faci ya yi dariya ya ce wasu dai sitiyari kaɗai suka sani. Kunya ta rufe ni, ga matata a tsaye. Sai na ji bakina yana cewa, "Ai ku kuka ce za ta kai ni, Kawu. Baƙin mai na ce muku, har sau biyu."

Dariyar ta tsaya. Kawu ya daɗe yana kallona, hannuwansa sharkaf da mai.

"Baƙin mai ka ce?"

Na gyaɗa kai.

"To, ka yafe ni, ɗana."

Da muka koma gida muka shiga ɗaki, matata ta juyo gare ni. "Ina zaune kusa da kai fa," ta ce. "Baƙin nan da ka ƙara, a gareji ka haife shi." Na yi mata tsawa, irin tsawar marar gaskiya.

Kwana tara Kawu ya yi yana haɗa injin da hannunsa. Da jif ta tashi lafiya, ya wanke hannu, ya miƙa wa babban ɗansa makullin akwatin kayan aiki, bai sake komawa gareji ba. Masu mota sun bi shi har gida, ya ce su yi haƙuri, kada ya cuce su.

Wata huɗu ina cewa gobe zan je in faɗa masa gaskiya. Duk lokacin da na tayar da jif na ji tana aiki sumul, sai in tuna ƙaryar da na yi masa. Ranar da na je, na same shi a ƙofar gida kan tabarma, ya rame, yana kallon motocin da ke wucewa. Na durƙusa na gaishe shi. Na sunkuyar da kai, na faɗa masa komai: ban ce baƙi ba, ya ji ni daidai, ƙarya na yi masa a gaban mutane. Muryata ta ƙi fita sosai, amma na kai ƙarshe.

Ya matso da kansa kusa da ni, yana murmushi.

"Me ka ce, ɗana? Ɗaga murya, ka san kawun naka."

Ga mutane suna wucewa, ga maƙwabcinsa zaune taku biyu daga gare mu. Na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Na ce yaya ƙarfin jiki, Kawu?"