Kofi Mai Jan Zare

Shekaru sun ja, kuma ba zan rantse a kan duk abin da na tuna ba. Mai yiwuwa ma na haɗa azumi biyu na mai da su ɗaya. Abin da na tabbata shi ne, a shekarar da na gama jami'a likita ya ce Baba yana da ciwon suga, kuma a shekarar firigo, wato firiji, ya shigo gidanmu a unguwar Briqueterie.

Inna takan matse lemo, ta zuba sukari, ta daskarar a ƙananan kofunan silba don buɗa-baki. Ni na ɗauki nauyin na Baba: ruwan lemo zalla, a kofin da na ɗaura wa jan zare. Na manta cewa Baba ba ya shan ruwa shi kaɗai. Da abokansa uku yake zama a baranda, bai kuma so su san ciwonsa ba. Sannan a gidanmu, abin da aka keɓe wa maigida, babban baƙo yake miƙa wa.

Sai a rana ta biyar, ina jin, na gane. Na je ɗauko faranti, wani dattijo cikin abokan nasa, dillalin shanu daga unguwar Etoudi, ya ɗaga kofin mai zare ya ce, "'Yata, me na yi miki? Kullum nawa tsami, na Alhaji kamar zuma!"

Baba ya duƙar da kai yana gyara hula. Kwana biyar ke nan yana shan sukari.

Ban iya yi masa magana ba, ban kuma iya tona shi ba. Washegari na shiga kasuwar Mokolo na zaɓo lemo masu nauyi a hannu, ko da bawonsu kore ne. Na matse ruwansu na haɗa da na tanjarin, na goga ɗan bawo, na barbaɗa gishiri kaɗan. Sau biyu na kankare shi da cokali kafin ya daskare. Kofi huɗu iri ɗaya, ba sukari, ba zare.

Dattijon ya ɗanɗana ya ce, "To, yanzu an yi adalci. Kowa ya sha haɗin 'yar boko!" Suka kwashe da dariya. Baba ya shanye nasa, ya ce in ƙaro. Haka muka yi har salla.

Ban tabbata da gishirin ba. Ƙanwata ta ce citta ce. Duk wanda ya zauna a barandar nan, ko ya ji daga mahaifinsa, don Allah ya aiko mini da gyara.