Dutsen da Inna Take Nema

Shekarun baya, lokacin ina tuƙa wani Alhaji a Nassarawa GRA ta Kano, na taɓa kai mahaifiyata daji neman wani dutse. Shekarun nan ne da maganar shari'ar Musulunci take sabuwa a bakin kowa, hotunan 'yan takara kuma sun rufe katangun unguwa har ba ka gane fentin gida. Ba na cika ba da labarin nan ba, domin ban fito da kyau a cikinsa ba. Amma yau ya tsaya mini a rai tun safe.

Gidan Alhaji irin tsofaffin gidajen Turawan nan ne, fili mai faɗi, da mangwarori da suka girmi duk wanda ke cikin gidan. A can baya akwai ɗakuna biyu, ɗaya nawa, ɗaya na abokina. Shi Kirista ne, mutumin wajen Zariya, yana aiki da masu haƙa rijiyar burtsatse. Shi ne mai shiga daji a ƙafa ya duba inda za a haƙa. A lokacin, saboda fargabar maganar shari'ar, 'yan'uwansa kullum aike suke masa ya tattara ya koma gida, shi kuwa sai ya yi dariya ya ce ai mangwaron gidanmu bai nuna ba tukuna. Ina ce masa Injiniya, yana ce mini Malam Direba.

Yana da wata na'ura ta hannu, GPS, rawaya, kamar ƙaramar rediyo, ga cin batir. In ya kunna ta sai ya ɗaga sama ya jira, wai tana gaisawa da taurarin ɗan'adam. Akwai taswira a cikinta, amma ba irin ta makaranta mai sunayen garuruwa ba. Layuka ne sirara suna kewaya juna, kamar dangwalen yatsa a takardar ƙuri'a. Ya koya mini cewa kowane layi matakin tsawo ne. Inda suka matsu da juna, wurin da hawa ko gangara mai tsanani. Inda suka warwatse, shimfiɗa ce. Zobe a cikin zobe tudu ne ko dutse, shuɗin layi kuma rafi.

Da yamma in na ajiye mota, sai in zauna a benci ƙarƙashin mangwaro in riƙe ta. Unguwar shiru, sai kukan kurciya da ƙarar wani janareto daga nesa. Da ɗan yatsa ɗaya nakan haye tuddai, in gangara kwari, in bi rafi har inda ya ɓace, ga ni zaune takalmina a gefe. Wani lokaci sai kiran magariba ya dawo da ni. Karatuna a firamare ya tsaya, kuma ina da wani hali, Allah ya yafe mini: in na san abu kaɗan, sai in ji kamar ni na ƙirƙiro shi. Kafin wata ya zagayo na fara yi wa mai na'urar gyara.

Inna kuwa tana unguwar Giginyu a wajen ƙanwata, idanunta suna ta ja baya. Likita ya ce abin da ya tafi ba ya dawowa, wanda ya rage ma a hankali yake tafiya. Ran nan da muka fito daga asibiti na biyo da ita ɗakina ta huta. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta kama sunana, ba ta ma cika yi mini magana kai tsaye ba in akwai wani a wurin. Sai ta mai da abokina ɗan aike.

“Ɗan nan,” in ji ta, “tambayar mini abokinka, shekara nawa ke nan yana ce mini sai an yi kaka?”

“Mama, ai ga shi nan zaune da kunnuwansa.”

“Na ado ne.”

Abin da take so ba sabo ba ne a wurina. A wani ɗan ƙauye aka haife ta a kudancin Kano. Mahaifiyarta ta rasu a can tana ƙarama, rijiyar garin ta ƙafe, mutane suka watse, gwaggonta ta taho da ita birni haƙoranta na gaba suna faɗuwa. Ba ta sake komawa ba. Garin ya zama kufai, waɗanda suka san wurin duk sun riga mu gidan gaskiya.

“Ba kabari nake so in taka ba,” in ji ta. “In dai tsaya a inda zan ce nan ne, in gani da idona tun yana gani, in yi mata addu'a. Shi ke nan.”

Abokina ya tambaye ta me take tunawa. Ta faɗi sunan kasuwar da suke ci a ƙafa. Sannan ta rufe ido, har na zaci barci ya ɗauke ta.

“Akwai dutse,” ta ce. “Babba. Ya tokare sama. Mu a garinmu rana ba ta faɗuwa, bayan dutsen take shiga tun la'asar. Rafi kuma ya lanƙwaso ta gindinsa kamar gwiwar hannu.”

Kwana biyu muna kan benci muna lalube a taswira. Daga ƙarshe ya nuna mini wuri biyu a yammacin kasuwar. Ɗaya zobba ne rututu, sun matsu kamar an naɗe tabarma. Ɗayan ɗan zobe ne da ƙyar ake ganinsa.

“Babban nan rafi ya yi nesa da shi,” in ji shi. “Ƙaramin kuwa dubi yadda ruwa ya rungume shi. Ni da shi zan fara.”

“Haba Injiniya! Ba ka ji abin da ta ce ba? Ya tokare sama. Wannan ai ko akuya ba za ta yi haki a kansa ba.”

“Malam Direba, rafin fa?”

“Uwata ce ko taka?”

Ya ɗaga hannu biyu ya ce tawa ce. A raina kuwa ina jin daɗi, wai na tsaya wa maganar mahaifiyata.

Alhaji ya ba mu aron tsohuwar motarsa ta gona, Hajiya matarsa ta haɗa mana dambu da ruwa. Ranar Asabar muka tafi, domin Lahadi abokina yana da coci. Ƙarshen damina ne, dawa ta fara ja. A ƙauyen kasuwar muka ajiye mota, ya danna na'urar ta riƙe wurin don kada mu ɓata a dawowa. Muka gaisa da dattawan da ke gindin bishiya, babu wanda ya san kufan. Ni kuma na miƙa hannu na karɓi na'urar, na shige gaba.

Har yau in na tuna tafiyar nan kamar a mafarki na yi ta. Ciyawa ta fi mu tsawo, tana buɗewa a gabanmu tana rufewa a bayanmu. Ƙanshin ɗanyar ƙasa, da fararen malam-buɗe-littafi suna tashi daga ƙafafunmu. Ɗorawa da kanya tsaye nan da can kamar suna jiran wani. Inna tana tsakiya da sandarta, mayafinta yana kama ƙaya, abokina yana biye yana cire mata. Lokaci-lokaci takan tsaya ta shaƙi iska, ta ci gaba.

Ni kuwa ban ga rabin wannan ba sai daga baya, a tunani. Idona yana kan 'yar kibiyar na'urar da ke nuna dutse. Inda ta nuna nan nake bi, sak, kamar kwalta. Na manta da karatun layuka gaba ɗaya. Abokina ya ce mu kewaya, layukan gabanmu sun matsu. Na ce kewaye ɓata lokaci ne. Sai ga mu a bakin kwazazzabo. Da hannu da gwiwa muka saukar da tsohuwa, da hannu da gwiwa muka hau da ita. Na ji numfashinta ya sauya, amma ba ta yi ƙorafi ba.

Azahar ta gota kafin mu isa. Dutse ne na gaske, baƙi, santsi, shaho yana shawagi a kansa. Na tsaya ina murmushi kamar ni na gina shi. Inna ta kare ido da tafin hannu, ta daɗe tana kallo. Ta matsa ta taɓa shi. Ta saurara, ko za ta ji ruwa.

“Ba shi ba ne.”

“Inna, duk yankin nan babu wanda ya kai shi. Ga shi a taswira.”

“Ba shi ba ne.”

Ga gajiya, ga rana, ga kunyar abokina. Sai na ji bakina ya ce, “Inna, ki dai duba da kyau.”

Ta juyo inda muryata take. A hankali ta ce, “Da me?”

Na so ƙasa ta buɗe. Muka yi azahar a inuwar dutsen, aka buɗe dambu, ba wanda ya ci na kirki. Ta gyara mayafi ta ce mu koma, Allah bai nufa ba. Dukkanmu mun san gwiwoyinta ba za su sake irin wannan tafiyar ba, idon kuma ba zai jira wata kakar ba.

Na miƙa wa abokina na'urar ban dube shi ba. Bai ce ai na gaya maka ba. Ya sauya batir, ya duba, ya ce, “Mama, akwai hanya mai sauƙi ta gefen rafi. Ta ɗan fi nisa, amma babu hawa.”

Muka bi shi. Wannan karon ni ne a baya ina cire ƙaya. Ƙasa shimfiɗe, yashi mai laushi, ruwa yana tafiya a hagunmu siriri kamar ba ya so. La'asar ta same mu a inda rafin ya lanƙwasa. A wurin akwai wani ɗan dutse, bai fi katangar gidan Alhaji da wani abin kirki ba. Na gane shi ne ɗan zoben nan. Na saci kallon Inna. Ta dube shi sau ɗaya, ta kau da kai, ta ce a ɗebo mata ruwan alwala. Sai na cire rai.

Na shiga gaba na ja mu salla, dutsen yana bayanmu, abokina ya koma gefe ya zauna a kan wani kututture. Na sallame ina cikin addu'a, sai na ji muryarta.

“Kai. Zo nan.”

Ta juya ne daga zaune tana laluben takalminta, ta tsaya a haka, fuskarta tana yamma.

“Zauna.”

Na zauna.

“Ƙasa dai. Ka cika tsawo.”

Na kishingiɗa a kan gwiwar hannu, kaina daidai kafaɗarta, na ɗaga ido. Rana ta shige bayan dutsen. Gefensa ya kama haske kamar an zagaye shi da zinariya, inuwarsa ta rufe mu, ta rufe rafin, ta haye can ƙetare. Daga nan ƙasa ba ka ganin komai a bayansa, ba bishiya, ba gajimare. Shi kaɗai ne, da sama a kansa.

Inna ta ja jiki a zaune zuwa wani falalen dutse a gindinsa, tana share busasshen ganye da hannu. Hannun ya faɗa cikin wani gurbi mai santsi, sannan wani a kusa da shi.

“Nan suke niƙa,” in ji ta. “Nan nake zama. In mahaifiyata ta gaji da rigimata sai ta lakato gari ta sa mini a baki.”

Abokina ya taso, ya dube mu, shi ma ya kwanta a yashi da wandonsa mai guga.

“Lallai Mama,” ya ce, “ya tokare sama.”

Ta yi dariya, hawaye yana bin kuncinta. “Ashe ni ce ƙarama. Duk shekarun nan ina girma, shi ma ina girmar da shi.”

Ta nuna ta kudu da dutsen, ta ce ta can aka bi da gawar mahaifiyarta ranar da ta rasu. Ta ɗaga hannu. Muka ja baya muka ba ta wuri, abokina ya cire hularsa ya riƙe. Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. Na dai san tsuntsaye sun fara komawa bishiya, kuma ba wanda ya ce mata dare zai yi. Da ta shafa, ta zauna tana kallon dutsen, ba ta ƙifta ido sosai, kamar mai cika tulu. Kafin mu tashi abokina ya danna na'urar don ta riƙe wurin, ya ce sai an ba shi suna.

“Mama, me zan sa?”

“Sa gida.”

Damina ba ta sake zagayowa ba idon ya rufe. Ta yi shekaru bayan haka, ba ta ƙara cewa a kai ta ko'ina ba. Na roƙe ta gafarar maganar da na yi a gindin babban dutse, ta ce ita ba ta riƙe ba. Ni ne na riƙe, kuma ina ganin gara in riƙe. Abokina daga baya aiki ya mai da shi wani gari, ya tafi da na'urarsa, muna gaisawa har yanzu.

Na daɗe ina juya abin a raina. A da na ɗauka biyayya ita ce ka kama maganar iyayenka daram, ka yi faɗa da kowa a kanta. Na kama maganar kuwa, har na kusa hana ta abin da take nema. Ban tsaya na tambayi kaina wa ke magana ba. Ina ganin tsohuwa mai sanda a kan bencina, alhali yarinya mai giɓi ce take ba mu labari.

Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta da rahama, ya haɗa ta da tata mahaifiyar. In na tashi yi mata addu'a, ba fuskarta ta asibiti nake gani ba. Ina ganinta zaune a yashi cikin inuwar la'asar, ta ɗaga kai, tana kallon abin da ya fi komai girma a duniya.