Kifin Ƙasan Kamfanin Takarda

Busasshen kifi nake sayarwa a kasuwar Kontagora tun kafin yaƙin basasa. Masuntan da nake sari a wurinsu suna kudu da mu, ƙasa da inda aka kafa wani kamfanin takarda a bakin kogi. Da kamfanin ya fara aiki, kifinsu ya ɗauki wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai. A kwando ba a jin komai, sai ya ji wuta.

Babbar mai sayena wata dattijuwa ce Bakambariya mai tuwon sayarwa a tasha. Ta zo ta dangwarar da kwanon miya a gabana.

"Mai kifi, sha. In ka shanye, ni ma zan sha."

Na kasa. Ta koma sayen kifin garin Auna, da ke sama da kamfanin, sauran mata suka bi ta.

A lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar. Malaminmu ya ce da itace ake yin takarda, a dafa shi da magani, ruwan dahuwar a sake shi kogi. Na daɗe ina kallon littafina.

Na koma sayar da daddawa da barkono don kada rumfar ta mutu. Ana nan sai masuntan suka aiko cewa an gyara. Na hau mota na je na gani da idona. An haƙa tafkuna a jere. Baƙin ruwa mai kumfa yana shiga na farko ya kwanta, dauɗar ta zauna a ƙasa, ya gangara na gaba. A na ƙarshe kwaɗi ke kuka. Na saro kwando ɗaya.

Ranar kasuwa na tare dattijuwar.

"Inna, an gyara ruwan."

"Ruwa nake dafawa ko kifi?"

Ta ɓalle kan tarwaɗa, ta ɗora a garwashin mai waina da ke gefena. Mata suka kewaye mu. Hayaƙi ya tashi, ta sunkuya ta shaƙa, ta sake shaƙa, ta yagi kaɗan ta tauna.

"Yaya, Inna?"

"Kifi dai kifi ne. Kai ne ka manta zaɓe, duk ƙanana ka kwaso."

Ta ja kwandon gabanta tana tsintar manyan. Na zauna kan buhun barkono ina kallonta.